Matar da Ta Ga Dalma a Dutsen Zinariya

Kullum da safe Mai Guduma takan buɗe rumfar duwatsu ta ofishin binciken ma'adinai, ta ɗauki bokiti da soso, ta bi akwatunan da masu haƙa suka kawo. Sai ta jiƙa dutse take yarda da launinsa. Tsohon koren dutse ne mai farar jijiya, kuma cikin jijiyar zinariya ke ɓuya. Aikinta ke nan tun ƙuruciya har furfura.

Wata rana ta ga wani abu toka-toka yana ƙyalli a jikin jijiyar. Dalma ce, gubar da ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Ta kuma san mutanen ƙauyukan kusa suna niƙa irin dutsen a tsakar gida, inda jarirai ke rarrafe.

Ta shiga ofis ta gaya wa shugabanta.

"Zinariya aka ce ki nemo," in ji shugaban. "Kada ki korar mana masu saye."

"Ranka ya daɗe, 'ya'yan mutane fa?"

"Ke likita ce?"

Sai ta cika jaka da duwatsu, ta shiga gida-gida tana nuna wa iyaye mata: "Yaya, kin ga wannan ƙyallin? Shi ke sa ɗanki suma. A fitar da niƙan nan bayan gari." Dillalan zinariya suka sa aka jefe ta. Ofis ya mayar da ita gadin sito, waɗanda suka ja bakinsu kuwa aka yi ta ƙara musu girma. Wasu gidajen sun ji maganarta. Wasu ba ta kai gare su da wuri ba sai da suka rasa yaransu, kuma har yau ba ta iya wuce ƙofarsu ba ta sunkuyar da kai ba. Ita da ta yi magana ke jin kunya, su da suka hana ta suna yawo a mota.

Makon jiya ta yi ritaya, babu babba ko ɗaya da ya leƙo. Wata uwa ce ta zo da 'yarta, ta ce, "Gaida Inna, ita ta sa kike raye."

Mai Guduma, ke ce kika ga guba kika kira ta da sunanta. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma da ke riƙe da duwatsun yanzu, in kun ga abin da ta gani, ku faɗa, ko da sito za a kai ku.