Neman Mai Tsaya wa Motar Ɗan Ladi

Talata da safe: Konni zuwa Malbaza

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, na tada mota daga ƙofar gidana a Konni. Ni ne da Bawa, taubashina, makaniken da bakinsa ya fi hannunsa aiki. Motar tsohuwar bashe ce, wato a-kori-kura, fara, mai koren tanti a baya. Wata biyar ke nan da na saye ta hannun wani dillali, ina kai albasa Dogon Dutsi da ita, kuma da ita nake ciyar da mutum tara.

Abin da ya fitar da ni ba yawo ba ne. Takardar motar, wadda muke ce wa kart giris, ta ɓace mini, har yau ban san inda ta faɗi ba. Ga wani sakarcin nawa: ban taɓa canza suna ba, kullum gobe. Da na je buro, ofishin takardun mota, neman sabuwa, wata madam mai tabarau ta duba ta ce, "Malam, sunan da ke nan ba naka ba ne. Ɗan Ladi ne na Dogarawa, kuma ya rasu. Sai ka kawo mai tsaya maka, mutum mai gida da gona, wanda ya san motar tun tana hannun mai ita. Ya sa hannu a meri, ofishin magajin gari, cewa ba ta sata ba ce, in wani ya taso daga baya shi za a kama." Takardar ɓata da aka ba ni a komisariyar 'yan sanda kuwa ran Juma'a za ta mutu. Daga nan duk jandarman da ya tare ni, mota sai furiyar, inda ake tsare motoci su ruɓe a rana. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Shida saura kwata muka wuce Tsarnawa. Tun da na sayi motar ban taɓa yin gabas da nan da ita ba. Muna kusantar Malbaza, wasu dattawa huɗu da ke zaune kan benci bakin hanya suka miƙe tsaye gaba ɗaya, ba wanda ya ɗaga hannu. Sai da muka wuce na ga sun zauna ta madubi.

Bawa ya ce, "Isa, ashe kai babban mutum ne ban sani ba."

Na ce, "Yau ka sani."

A shingen shiga gari wani jandarma mai furfura ya taso. Na miƙa masa takardar ɓata, bai karɓa ba. Ya dubi tantin baya, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Allah shi jiƙan musulmi. Ku wuce." Na ɗauka irin gaisuwarsa ke nan.

Bakwai daidai muka tsaya wurin mai shayi kusa da inda manyan motocin siminti ke layi. Shayi da burodi da ƙwai, dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, mu biyu. Wurin cike yake da direbobi ana ta hayaniya, amma muna kashe mota aka yi tsit. Mai shayi ya zuba mana, ya tambaye ni, "Na wane gari ne?"

Na ce, "Ni? Na Konni."

Ya ce, "A'a, wanda ke baya."

Na ce babu kowa a baya sai taya da jarka. Ya je da kansa ya ɗaga tanti ya leƙa, ya dawo ya ci gaba da haɗa shayinsa. Bawa bai ƙarasa burodinsa ba, abin da ban taɓa gani ba.

Talata da hantsi: Dogarawa

Tara da minti goma muka shiga Dogarawa. Mata biyu da ke dawowa daga rijiya suka sauke tulunansu a ƙasa suka juya mana baya. Ba mu sha wahalar samun gidan Ɗan Ladi ba, yara ma sun san shi, amma ba wanda ya bi motar da gudu kamar yadda yara ke yi.

Ƙanen marigayin, Malam Nomau, manomi ne mai ƙarancin magana. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono mai sanyi. Na faɗa masa buƙatata. Ya daɗe yana kallon motar, sannan ya ce, "Dillalin bai gaya maka aikinta ba?"

Na ce, "Albasa."

Ya ce, "Gawa. Shekara ashirin da biyu wana shina ɗauko mamata daga asibiti shina kai su garuruwansu, daga nan har bayan Illela. Ba ta taɓa ɗaukar buhu ko akuya ba. Duk ƙofar da ta tsaya, mutanen gidan sun san abin da ya zo musu. Da ya rasu ba mai saye a ƙasar ga, shi ya sa muka kai ta Konni."

Sai na tuna da katakai biyu da ke shimfiɗe a bayan motar, waɗanda na yi ta yabon mai dabarar da ya kafa su don kada buhu ya taɓa ƙarfe. Na tuna kuma da wani ƙamshi da ke tashi in rana ta yi zafi, wanda warin albasa na wata biyar bai kashe ba. Haushi kuma ya kama ni, na ce wallahi in na koma sai dillalin nan ya gane kurensa.

Na roƙi Malam Nomau ya tsaya mini. Ya ce shi magaji ne, shi ya sayar, ba za a karɓi hannunsa ba. Na zaga mutum shida a garin har la'asar, kowa ya san motar, ba wanda ya yarda sunansa ya zauna takarda ɗaya da ita. Wani ma ko zama bai ce in yi ba. A ƙarshe Malam Nomau ya ce akwai aminin wansa, Baba Arzika, a wani ƙauye bayan Illela. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Ya ce, "In shi bai tsaya maka ba, ka haƙura. Amma kada ka tsaida ta ƙofar kowa. Ka ratsa garin, akwai tsamiya can bayan gari, nan za ka aje ta ka dawo da ƙafa."

A gidansa muka kwana, bayan tuwon gero da miyar kuka. Motar kuwa a bakin gona ta kwana, haka maƙwabta suka roƙa.

Laraba: Badagishiri, Illela, da ƙauyen

Shida muka tashi. Muka koma Tsarnawa, muka yi arewa. A Badagishiri na zuba mai na jika goma, Bawa ya sayi ƙosai, mai ƙosan ta ƙi karɓar kuɗi ta ce sadaka ce. Bawa ya ce in dai haka ne a bar masa motar. Dariyar ba ta yi nisa ba.

Tara da rabi muka wuce Illela, muka sauka kan hanyar jar ƙasa, kilomita ashirin da wani abu. Zafin bazara ya buɗe, gonaki fayau, ba komai sai kututturen gero da shanun Fulani can nesa.

Goma da minti ashirin muka shiga ƙauyen. Ina tafiya a hankali, ina hango tsamiyar can gaba, sai motar ta mutu. Ba ta yi tari ba, ba ta yi jijjiga ba. Ta gangara kaɗan da kanta ta tsaya daidai ƙofar wani zaure. Na murɗa makulli sau uku, ko ƙyas.

Wata tsohuwa ta fito da ƙwarya a hannu. Tana ganin tantin ta saki ƙwaryar, ta durƙusa ta ce, "Sun kawo Ila." Daga cikin gida kuka ya tashi. Na diro ina rantsuwa, na yaye tanti gaba ɗaya ina cewa, "Inna, duba, babu kowa, wallahi babu kowa." Ba ta ko dubi wurin ba.

Wani dattijo dogo ya fito yana dogara sanda. Ya dubi motar kamar mai duban tsohon sani, ya ce, "Kun zo." Na tambaye shi gidan Baba Arzika. Ya ce, "Kana ƙofarsa."

Ya tsawata wa matan, ya ce da tsohuwar, "Hajo, tashi. Jiya na baro shi shina shan kunu da hannunai." Ashe ɗansu Ila yana kwance a asibitin Illela kwana takwas, kuma ya fara samun sauƙi. Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Kunya ta ishe ni, ban san ta inda zan fara maganar takarda ba, amma na daure na faɗa. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

Bawa yana can ƙarƙashin bonet. Ya zo ya raɗa mini, "Akwai mai, akwai wuta, batir lafiya lau. Isa, ban ga komai ba." Fuskarsa ba wasa a ciki.

Wayar gidan tana rataye a kan wani ice cikin zaure, nan kaɗai take samun layi. Muna zaune ta yi ƙara. Baba Arzika ya miƙe ya ɗauka, ya saurara, ya ce, "To. To. Muna tahe." Ya mayar da ita inda take, ya yi salati a hankali. Ban tambayi ƙarfe nawa Ila ya cika ba, kuma har yau ban tambaya ba.

Ya shiga ciki ya fito da tabarma sabuwa da wata 'yar jakar fata. Ya ce, "Tada ta, ɗana."

Na murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi.

Sha biyu saura muka isa Illela. Na nufi asibiti, sai Baba Arzika ya dafa hannuna ya ce in fara biyawa meri kafin su tashi. Na ce, "Haba Baba, ba yau ba. A bar maganar takardar nan."

Ya ce, "Yau. Ila ba shi sauri yanzu."

A gaban ma'aikacin ya fito da katinsa da takardar gonarsa daga jakar. Ma'aikacin ya karanta masa sharaɗin, ya tambaye shi ko ya san motar, ko ya gane cewa in rigima ta taso gonarsa ce a ciki. Ya ce, "Na san ta. Ita ta kawo mini ubana, ita ta kawo ƙanena, ita ta kawo uwargidana. Ba ta sata ba ce." Ya dangwala yatsa, aka buga hatimi.

Da muka fito na ce, "Baba, ba ka san ni ba, ka sa gonarka."

Ya ce, "Ba don kai ba ne. In suka tsare ta a Konni, wa za shi maido ni gida?"

Muka ɗauko Ila. Katakan nan biyu suka karɓe shi daidai, ba ragi ba ƙari. Uban ya ƙi zama gaba, ya hau baya kusa da ɗansa. Na yi tuƙin da ban taɓa yi wa albasa ba, ina kauce wa kowane rami. Duk ƙauyen da muka ratsa maza suka miƙe tsaye, wannan karon ban dubi madubi ba. Bayan la'asar aka yi masa sutura, da ni da Bawa cikin sahu.

Alhamis: komawa Konni

A ƙauyen muka kwana. Bakwai muka kama hanya, goma da rabi ina gaban madam mai tabarau. Ta duba hatimi ta ce, "Ka yi sa'a, mutane ba su cika yarda ba." Na ce haka ne. Ta ba ni takardar wucin gadi, bayan sati uku sabuwar kart giris ta fito da sunana. Dillalin kuwa na gamu da shi a tasha, na gaishe shi na wuce, faɗan ya fita daga raina.

Ran Alhamis ɗin, azahar na shiga gida na tarar da iyali lafiya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Malam Nomau da tuwonsa, da Bawa wanda ya yi kilomita tamanin bai tsokane ni ba. Allah ya jiƙan Ila da Ɗan Ladi, ya ba Inna Hajo haƙuri.

Ina nan ina jigilar albasata. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba Arzika yakan kira ni. Kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Tana tashi?" In ce, "Tana tashi, Baba." Sai ya ce, "To madalla. Ba yau ba ne, tambaya dai nike."