Tandun kwallin da na wanke

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana, don ban san ko tona ta zai amfani wani ba. Yau dai na daure.

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina 'yar firamare a Tambuwal. Malaminmu ya koya mana darasin tsabta, ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ni kuwa da ma uwar 'yan tsoro ce. Na koma gida ina wanke duk abin da hannuna ya kai, har mahaifiyata ta fara ɓoye mini sabulu.

Tana da tandun kwalli na fata, tun na aurenta, ba a taɓa sa masa ruwa ba. Ana jibi sallah na juye kwallin, na wanke tandun da ruwan da muka ɗebo a tafki, na mayar da kwallin tun cikinsa bai bushe ba, na toshe. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar sallah taubashiyata ta iso daga Kebbe. Ta zura tsinke, ya fito da kwalli a dunƙule. Ta shinshina.

"Ke malama, mi as samu kwallin Inna? Wari shikai kamar jiƙaƙƙen walki."

"Hancinki ne na ƙauye," na ce, ina dariya. Na ji warin sarai. Tsoron faɗan mahaifiyata ya hana ni magana.

Ta rambaɗa abinta a ido biyu. Ni ban sa ba.

Bayan kwana uku da komawarta aka aiko cewa idonta na hagu ya kumbura yana ruwa. An yi na gida, sai da abin ya ƙi aka kawo ta wurin malamin asibiti a kan jaki. Ya tambayi abin da ta sa a idon, aka nuna masa tandun. Da ya farka shi, cikinsa duk fumfuna. Ya ce a ƙone, kada kuma a ƙara yin tarayya a tsinke ɗaya. Idon dama ya tsira, na hagu ya yi hakiya, bai ƙara gani ba.

Sai da muka yi jikoki na gaya wa taubashiyar tawa gaskiya. Ta ce, "To mi kika so in yi miki yanzu, in cire naki? Na yafe. Amma da kin faɗi ran nan, da na goge."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ke hana ni sakewa, ko bayan rasuwarta. Wankewar kuskuren yarinta ce, shirun ne laifina. Har yau duk man shafawa ko hodar da ƙamshinsu ya sauya, zubarwa nake yi, ana mini dariya.

Don Allah, masu ilimin lafiya a cikinku, ku gaya mini gaskiya ko ba daɗi. Da na yi magana an wanke mata idon nan take, zai tsira, ko da ma aikin gama ya gama?