Malam Sabo da Rahoto Mai Shafi Ɗaya

Duk wanda ya san Malam Sabo Mai Kwamfuta ya san bayana, domin a nan yake gwada aikinsa. Kowace Litinin, da ya fitar da rahoton mako na kamfanin hatsin da muke wa aiki a Funtuwa, sai ya maƙala takardar a bayan rigata da fil, ya haye babur ɗina ya ce, "Lawal, hanyar Dandume, kuma kada ka kauce wa rami." In ya iya karanta yawan buhunan kowane sito muna ta tsalle, rahoto ya ci. In bai iya ba, mu koma ya ƙara girman rubutu. Hujjarsa wai Alhaji, mai kamfanin, ba ya karatu sai a mota, tabarau kuwa kullum a gida ya baro shi. Kai, riguna nawa bawan Allahn nan ya huda mini!

Kwamfutar cike take da bayanai, har da sunan mai ɗinkin buhu, amma shi dokarsa shafi ɗaya tak. Sai ka same shi ya tsura wa wani layi ido yana masa tambayoyi kamar alƙali: "Kai wa ya gayyace ka? Me Alhaji zai yanke da kai?" In layi bai ba da amsa ba, ya share shi. Sitocin Tsiga wuri guda, na Dayi wuri guda, kwanan wata a goshi, jan launi kuma sai inda kaya suka kusa ƙarewa. Jimla kuwa a sama yake sa ta. Na ce, "Sabo, duk duniya jimla a ƙasa take." Ya ce, "Kai in ka yi baƙo mai yunwa, a ƙarƙashin tuwo kake binne masa nama?"

Rigima ta tashi ne da Alhaji zai yi manyan baƙi daga Kano. Ya ce yana son rahoto mai kauri, mai zane-zane irin na kankana da aka yayyanka, wanda in an ajiye a tebur zai yi ƙara. Sabo ya ce to. Ranar taro ya kawo shafinsa ɗaya, manne a jikin katako. Ya sake shi a tebur, tim! "Alhaji, ga ƙarar nan."

Wallahi ni na ɗauka Alhaji zai shiɗe. A ranar ya sa aka buga takardar kora. Hankalina ya tashi ƙwarai, don Sabo na da iyali, ba gona, ba wata sana'a. Shi kuwa ya karɓa, ya duba sama da ƙasa, ya zaro jan biro. "Alhaji, ba kwanan wata. Sannan korar tana can shafi na biyu, wa zai kai can? A gyara." Aka gyara aka kawo. Ya ce rubutun ya yi ƙanana, sai an gwada. Jama'a, da takardar korar mutumin nan a bayana muka bi hanyar Dandume! Muka dawo ya ce bai ga komai ba, saboda haka ba a kore shi ba. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Ku rabu da shi, wannan ya fi ƙarfina." A kujerar aikin nan tasa Sabo ya ci gaba da zama har ciwo ya kwantar da shi.

Ni na kai shi asibiti a Malumfashi. Likita ya zo da takardun gwaji rututu, yana ta kewaye-kewaye. Sabo ya ce, "Likita, sa jimla a sama." Likita ya sunkuyar da kai. Sabo ya yi murmushi ya ce, "Madalla, na karanta." Da za mu koma gida ya kwantar da kansa a bayana, ya ce, "Lawal, yau kam kauce wa ramin."

Har yanzu ban iya yar da rigunan nan masu huji ba. Allah ya jiƙan Sabo, ya taƙaita masa hisabi, ya miƙa masa littafinsa a hannun dama, da gafara rubuce a sama. Amin.