Farantin da ya rage a jeren kakata

Jiya a Maijirgi kakata ta kawo min gyaɗa a wani farantin tangaran mai jajayen furanni. Da na cinye na kifa shi ina neman tambari don in gane shekarunsa, amma rubutun ya goge.

Ta ce, "Ni za ki tambaya, 'yar nan. Faranti goma sha biyu ne a jerena na ɗakin aure, damina biyu kafin babban fari, soja ba su karɓi mulki ba tukuna. Da farin ya zo, ɗaya-ɗaya muka kai su kasuwar Tasawa muka sawo hatsi."

Na ce, "Wanga fa, Inna?"

"Bakinsa ya ɓantare, kowa ya ƙi saye. Ranar har kuka na yi, don mun kwana ba tuwo. Yau shi kaɗai gare ni."

Ku fa, wane tsohon kaya ne a gidanku da ba ku taɓa tambayar labarinsa ba?