Yadda Doña Herminia Ta Sa Unguwarmu a Taswira

Doña Herminia Tecuatl shekarunta sittin da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki ta yi su tana dafa tamal, wani irin alalen masara, tana sayarwa a ƙarshen layin bas, can saman tudunmu a Iztapalapa. Daga kasuwar gindin tudu zuwa ƙofarta matakala ɗari biyu da goma sha biyu ne. Ni na ƙirga, don gidana yana jikin nata.

Da hukumar birni ta nemi jama'a su taya ta zana hanyoyin ƙananan bas, ni na fara ba da suna a unguwa. Aikin ba wuya. Ka shiga bas, ka kunna waya, ita za ta zana duk inda motar ta bi. An kuma ce hanyar da ba ta fito a taswira ba, in an zo da sabon tsari ba za a ba ta mota ba.

Sau uku ina shiga, sau uku layin da wayata take zanawa yana yankewa a kasuwa. Haka direbobinmu suka saba: in masu hawa tudu ba su kai biyar ba, sai su sauke su, su juya. Ga shi saura kwana biyu a rufe karɓa.

Na gaya wa Doña Herminia. Ta dafa gwiwa ta ce, "Wato gwamnati za ta ɗauka babu kowa nan sama? Ni da gwiwoyin nan in dawo hawa da ƙafa, da tukunya?"

Ba ta da waya irin tawa, amma tana da matan da suke addu'a tare ran Alhamis. Washegari da hantsi ta sauko da goma sha ɗaya, biyu da sanda. Muka shiga tun daga farkon layi. A kasuwa direba, Don Nicanor, ya fara juya sitiyari.

"Ina zuwa, Nicanor?" in ji ta. "Ƙirga mu."

"Haba Doña, motar nan ta tsufa, da wannan lodi ba za ta hau ba!"

"Babarka ma ta tsufa, kullum sai ta hau. Ga ta can baya."

Ya waiga, tsohuwar ta ɗaga masa sanda. Ya sa mota a giya ta ɗaya.

Minti tara muna hawa, idona a kan shuɗin layi yana ƙara tsawo, har ya tsaya daidai inda tukunyarta take zama. Nan take na tura wa hukumar. Da taswira ta fito, tudunmu yana ciki.

Ranar da muka hau ɗin ba ta sayar da tamal ko ɗaya ba. Sittin ta dafa, duk muka cinye, Nicanor shi kaɗai ya ci huɗu.