Na kai kwamfutar marigayi gyara Gadarif

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na wajen Fashaga, ni da ƙanin matata, da kwamfutar ɗana marigayi a cikin buhun riɗi. Da hannunsa ya haɗa ta, ƙarfe daga nan, waya daga can, duk tsofaffin da mutane suka yar. Da yaƙi ya koro shi daga Khartum, ita ya rungumo ya bar kayan sawarsa. Kullum bayan magariba sai ya jona ta da batir ya kunna wani tsohon wasa, ɗan mutum yana tsallake ramuka, da wani kiɗa tin-tin-tin. Zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Uwarsa ta ci gaba da kunna ta don kiɗan nan kawai, har ranar da ta ƙi tashi. Ita ta ce in kai ta gyara.

Hanya baƙar laka ce, an yi ruwa. Lorin da muka hau ya kafe, kowa ya sauka turi, ni na tsaya rungume da buhu. Wani lebura ya ce, "Ya hajj, jariri ne?" Aka yi dariya.

Gadarif ta cika da waɗanda yaƙi ya koro, har makarantu mutane ne ke kwana ciki. Mai sayar da ful, dafaffen wake, tana ɗiga mai a kai kamar maganin ido. A bayan kasuwa muka samu mai gyara, shi ma ɗan gudun hijira. Na ce masa, "Ta ɗana ce. Sa mata duk abin da ya fi kyau." Muka tafi shan jabana, gahawar nan, da jin farashin dawa.

Da la'asar ya tarbe ni da fara'a. "Ya hajj, na kwashe tarkacen nan, na goge faifan tas, na sa sababbi. Yanzu gudu take kamar iska."

Na ce, "Wasan fa?"

Sai ya ce irin waɗannan wasanni da tsohon kaya suke tafiya, wanda ya haɗa ta da gangan ya zaɓo su, ba rashi ba ne. Abin da aka goge kuma ya tafi. "Ma'alesh, yi haƙuri. Da ka gaya mini."

Me zan gaya masa? Ban taɓa zama kusa da yaron ba yana wasan, ko sunan wasan ban sani ba. Shirme nake ce masa.

Washegari muka iso gida. Uwarsa ta shimfiɗa tabarma, na jona batir. Nan take allo ya haska, shiru. Ta jira, ta jira, ta ce, "Malam, ina kiɗan?"

Abin da tafiyar nan ta koya mini: in ka ga ɗanka yana tattalin tsohon abu, tambaye shi dalili tun yana amsawa.

Yau da safe na ji ta wajen murhu tana gasa kisra, wainar dawa, tana yin tin-tin-tin da bakinta.