Jan Biron da Na Sa wa Littafin Abokina

Assalamu alaikum. Ina roƙon a sakaya sunana, domin garinmu bai kai girman da mutum zai ɓace a cikinsa ba, kuma wanda zan ba da labarinsa bai san na rubuto ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da takwas, ina koyar da Turanci a wata firamare a cikin Daura, ban yi aure ba, kuma ba ni da abin tinƙaho da ya wuce sanin littattafan komik, wato labaran nan da ake bayarwa da zane-zane. Tun ina ƙaramar sakandare wani ɗan bautar ƙasa da ya zauna a unguwarmu ya bar mini kwali guda cike da su ranar da zai koma garinsu. Tsofaffi ne, wasu ko bango babu, duk labaran jaruman nan ne masu rufe fuska suna yaƙar azzalumai. A cikinsu na koyi Turanci, ba a aji ba. Da waya ta zo hannun kowa, sai na gano ashe ba ni kaɗai ba ne a garin. Muka haɗu mu bakwai, muka mai da shagon askin ɗaya daga cikinmu majalisa, duk Asabar bayan la'asar. Ƙarshen kowace shekara kuma mukan yi babban zama, kowa ya faɗi littattafai uku da suka fi burge shi a shekarar, a yi musu, a kaɗa ƙuri'a, a fitar da gwani. Ni ne alƙali. Duk inda gardama ta yi tsami sai a ce a tambayi Malam, ni kuwa ba abin da nake so kamar jin wannan kalma.

Wanda na fi shaƙuwa da shi a cikinsu wani mai zanen alluna ne, shi ke rubuta sunayen shaguna, ya kuma yi wa motocin kaya ado a baya. Daga aji uku ya bar makaranta, Turancinsa kaɗan ne, don haka ni nake fassara masa abin da jaruman suke faɗa. Amma shi yana ganin abin da ba na gani. Sai ya tsayar da ni a kan shafi, ya nuna mini yadda mai zanen ya karkatar da kafaɗar jarumi don a gane ya gaji, ko yadda aka bar hannunsa a buɗe lokacin da bakinsa ke cika baki. Shekara biyar muna haka, ni da kalmomi shi da hotuna.

A farkon shekarar da abin ya faru aka kashe ƙaninsa. Ɗan acaba ne, yana kai kaya ƙauyukan da ke wajen Mashi, wasu suka tare shi a hanya saboda babur ɗin. Na je jana'iza, na yi zaman makoki na kwana uku, na yi duk abin da ake yi. An kama mutum ɗaya, amma bayan 'yan watanni aka sake shi, aka ce babu shaida, har mutane suka riƙa ganin shi a kasuwannin ƙauye yana harkokinsa. Abokina bai daina zuwa majalisa ba, sai dai ya rage magana. Abu ɗaya ne ya canza da na lura da shi. Muna da wata tsohuwar gardama da ba ta ƙarewa: me ya sa yawancin jaruman tsofaffin labaran nan ba sa kashe mugu, sai su kama shi su miƙa wa hukuma, shi kuma ya kuɓuce ya sake ɓarna? Ni kullum ina bayan jaruman, ina cewa wannan haƙurin ne ya bambanta su da waɗanda suke yaƙa. A da abokina ba ya sa baki a wannan. A shekarar sai ya fara cewa shi bai gane ba, wa zai biya wa mutanen da mugun ya kashe bayan an sake shi? Ni abin da na gani a nan shi ne na sami sabon abokin gardama. Har murna na yi.

Ranar babban zama na zo da shiri. Mako guda na yi ina tsara jawabi a kan wani tsohon littafi da aka sake bugawa a shekarar, wanda nake so ya zama gwani. Kowa ya faɗi nasa, da aka zo kan abokina sai ya ce shi bana bai karanta na kowa ba, amma ga wani abu. Ya zaro wasu fararen takardu masu kauri daga leda, shafi ashirin da ɗaya, an ɗinke su da zare a gefe. Littafin komik ne da ya zana da hannunsa, maganganun duk da Hausa. Jarumin ɗan acaba ne mai hular kwano, aka tare shi a hanya aka jefa shi a rami, amma bai mutu ba. Ya tashi, ya bi sawun babur ɗinsa ƙauye bayan ƙauye, har ya kai ga mutumin da ya tare shi. A shafi na ƙarshe mutumin yana ƙasa, jarumin yana tsaye a kansa ya ɗaga ƙarfe sama. A wurare biyu jarumin ya cire hular, kuma duk wanda ke shagon ya gane wushiryar nan da ɗan tabon da ke goshi, fuskar ƙanin abokina ce. Ni ma na gane. Ina so a san wannan, don kada wani ya yi mini uzurin da ban cancanta ba.

Littafin ya zagaya hannu-hannu. Mai shagon ya ce shi dai a ganinsa bana ba sai an kaɗa ƙuri'a ba, gwani ya fito daga gida. Sauran suka goyi baya. Abin da na ji a raina a lokacin ba tausayi ba ne, haushi ne, cewa jawabina na mako guda zai tafi a banza, kuma an yanke hukunci ba a tambayi Malam ba. Da littafin ya iso hannuna sai na zaro jan biron da nake duba aikin yara da shi, na fara gyara kurakuran rubutu a kan takardar, inda ya haɗe kalmomi, inda ya manta lanƙwasar harafi. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, na bi shi shafi-shafi ina ja masa layi. Sannan na buɗe baki. Na ce zane ya yi kyau amma labari babu, jarumin da ke kisa ba jarumi ba ne, ɗan daba ne da hula. Na kawo misalai daga tsofaffin littattafai ɗaya bayan ɗaya, da shekarun da aka buga su, ina jin daɗin muryata. Ya bar ni na gama, sannan ya dube ni ya ce, "To Malam, in kai ne a wurin, ya za ka yi da shi?" Na ce masa, "Wannan tambayar mai jin zafi ce, ba ta mai nazari ba. Ka bari ka gama makokinka, sannan ka zo mu yi maganar littafi."

Mai shagon yana cikin yi wa wani aski, sai ya kashe injin. Abokina ya karɓi takardunsa, ya daidaita gefensu, ya mayar cikin leda, ya ce ya gode, ya fita. Aka kira magariba muka watse ba a fitar da gwani ba.

Na san na yi ba daidai ba tun kafin in kai gida, amma na ce wa kaina ai gaskiya na faɗa, kuma in ya huce zai dawo. Asabar ta zo bai zo ba, wata ta sake zuwa bai zo ba. Shagonsa na zane yana kan hanyata ta zuwa makaranta, sai na koma bin wani lungu. Kullum ina cewa gobe zan je. Ana cikin haka, wajen wata biyu, labari ya iso cewa ya haɗu da mutumin nan da aka saki a wata kasuwar ƙauye, ya fizgi icen rumfa ya rufe shi da duka, ya karya masa hannu ya fasa masa kai kafin a riƙe shi. Mutumin bai mutu ba. Abokina ya yi wata biyar a gidan yari. A ranar da labarin ya zo ne mai shagon aski ya zaunar da ni ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ya ce tun ana damina abokina ya nuna masa shafukan farko, ya ce masa duk ranar da ya ji an ga mutumin, ko ya gan shi da idonsa, sai ya koma shago ya rufe ƙofa ya zana shafi ɗaya, har zuciyarsa ta kwanta. Shafi ashirin da ɗaya, sau ashirin da ɗaya ke nan ya hana kansa. Bayan ranar zaman nan kuwa bai sake zana komai ba sai allunan mutane.

Ban je gidan yari na duba shi ba. Kunya ce ko tsoro, har yau ban tantance ba. Da ya fito shagonsa ya riga ya koma hannun wani, sai ya kwashe mahaifiyarsa suka koma garin Babban Mutum wajen kawunnansa. Majalisarmu ta ja ƙafa na 'yan watanni ta mutu. Ba wanda ya zage ni, kawai an daina cewa a tambayi Malam. Na yi aure, na sami ƙaruwa, aka ƙara mini matsayi a wurin aiki, amma akwai wata gajiya da ta zauna mini wadda barci ba ya kawar da ita. In na buɗe komik a waya sai in bi kalmomin in kai ƙarshe ban ga komai ba, domin mai nuna mini hotunan ba ya nan. Shekara uku ina ɗauke da wannan, matata tana tambaya me ke damuna ina cewa aiki ne.

Bara da kaka na daure na hau mota na je. Na same shi a gona yana ɗaurin damin gero, ya rame, hannunsa ya yi kanta. Ya tarbe ni kamar jiya muka rabu, ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya aika gida aka kawo fura. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya neman gafara. Ya ce ya yafe tun yana tsare, kuma kada in ɗora wa kaina abin da ya faru a kasuwa, hannunsa ne ya ɗauki icen ba birona ba. Na so ya tsaya a nan. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ran nan da gaske nake tambayarka, Malam. Littafin bai ƙare ba, shafin ƙarshe ne na kasa zanawa. Na ga kai ka fi kowa sanin yadda jaruman nan suke yi su sauke hannu, na ce ko za ka faɗa mini yadda ake yi." Shekara goma sha biyar ina kare wannan haƙurin a baki, ranar da mutum ɗaya ya buƙace shi da gaske sai na gyara masa rubutu. Na tambaye shi ina littafin. Ya ce yana cikin akwatin mahaifiyarsa, takan ciro shi ta kalli fuskar ɗanta, don ba su da hotonsa mai kyau. Ya ce ta taɓa tambayar shi mene ne wannan jan da ke ko'ina, ya ce mata haka malamai suke yi in sun karanta abu da kyau. Na tambaye shi ko yana zane yanzu, ya ce a'a, hannun ya saba da wani aikin. Ya raka ni har tasha, muka yi sallama da mutunci. Mukan gaisa a waya da salla, amma ni da shi mun san abin da ya tafi bai dawo ba.

Ba zan ce maganata ce ta kai shi gidan yari ba, shi da kansa ya hana ni faɗin haka, kuma Allah ne kaɗai ya san abin da zai faru da na yi shiru. Abin da na sani shi ne ya zo da ciwonsa a cikin leda ya ajiye a gaban abokansa, ni kuma na ga dama ce ta cin gardama. Har yau ina ganin jaruman tsofaffin labaran nan suna da gaskiya, sai dai ni ba ni da bakin faɗa.

Na rubuto ne saboda 'yan'uwana masu son musu, a majalisa ko a waya, a kan littafi ko ƙwallo ko ma mene ne, musamman waɗanda Allah ya ba ɗan ilimi da kaifin baki. Kafin ka amsa wa mutum, ka dubi wanda ke maganar da abin da ya same shi a shekarar. Wani ba gardama yake yi da kai ba, taimako yake nema, bai san ta wace hanya zai roƙa ba. Kuma in ka riga ka yi kuskuren, ka je ka same shi a makon, kada ka canza hanya kamar yadda na yi. Ni na ci gardamar ran nan, ba wanda ya iya mayar mini da martani, kuma shekara huɗu ke nan ina fatan da an kayar da ni. Ina roƙon masu karatu su sa shi da mahaifiyarsa a addu'a, Allah ya ji ƙan ƙaninsa, ni kuma Allah ya yafe mini.